Kujerar Hagu

Mijina Darus ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin dare daga Alor Setar zuwa Johor Bahru, kuma a duk shekarun nan bai taɓa yarda akwai wani ɗan Adam da ya iya tuƙi ba in ba shi ba. Da ya yi ritaya na ɗauka zai zauna mu huta, mu riƙa bin wa'azi da bukukuwan aure kamar sauran tsofaffin garinmu Jitra. Ashe da sauran aiki. Wata tsohuwar mota ya sayo, 'yar Japan, irin mai ɗaki a baya, ya kafa ta a ƙarƙashin mangwaron gidanmu ya yi ta ƙwanƙwasa har damina ta zagayo. Ya sa mata gado da murhun gas da tankin ruwa, da wani ɗan banɗaki wanda in ka shiga da gaba sai dai ka fito da baya. Ya raɗa mata suna Gajah, wato giwa. Maƙwabta kuwa akurkin tsofaffi suke ce mata a bayan idonsa, ni ma wani lokaci ina taya su.

Burinsa guda ne, ya tuƙa ta da hannunsa tun daga ƙofar gida har ƙasar Sin. Ba jirgi, ba ayari, ba wani direba. Ni Rokiah nawa girki da wanki da yin shiru. Kiah yake ce min, ni kuma Abang nake ce masa, yadda matan garinmu ke kiran miji.

Mun ratsa Thailand a hankali, muna kwana a gidajen mai da harabar masallatai, ina dafa shinkafa da busasshen kifi a kan murhun da ke rawa duk lokacin da babbar mota ta gifta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin tafiyar. Na tsufa a gidan mutumin nan, amma sai a cikin Gajah na san yadda yake barcin dare.

Rigima ta fara a gadar kogin Mekong, wadda ake hawa daga Chiang Khong a sauka Huay Xai, ƙasar Laos. A bakin gadar titi yake harɗewa, hannu ya juya. Mu da muka buɗi ido muna bin hagu, yanzu dama za mu bi. Sitiyarin Gajah kuwa yana dama, inda sitiyarin kowace mota yake a garinmu. Sai direba ya koma bakin kwata, ba ya ganin komai sai bayan motar da ke gabansa. Mai zaman kujerar hagu shi ke hango abin da ke tahowa, shi zai ce a fita a wuce ko a dakata. Wato ni. Darus bai so haka ba ko kaɗan.

"Kiah, akwai?"

"Akwai."

"Nesa ko kusa?"

"Tana dai tahowa."

"Kowace mota tahowa take yi, baiwar Allah. Babba ce ko ƙarama?"

"Ja ce."

"Na tambaye ki girma kin ba ni launi."

"To Abang, sauka ka je ka auno ta."

Haka muka yi yammacin farko. Ko na ce masa ba kowa, sai ya kwanto a jikina ya leƙa da kansa, har hularsa na gogar hancina. Ba mu yi nisa ba muka tsaya muka kwana a bakin wani rafi.

Washegari da hantsi muna cikin duwatsu, a hanyar Luang Namtha, wadda daga can sai iyakar Sin. Hanya ce ta manyan motoci, wasu na hawa da ayaba da kankana, wasu na saukowa da injina da kwalaye, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Ina ɓare masa lemo sai na ji Gajah tana zamewa tsakiyar titi a hankali.

"Abang, ka shiga tsakiya."

Motar ta ci gaba da zamewa. Na juya na dube shi. Ɓarin fuskarsa na wajena ya zube, baki ya karkace, yawu na bin haɓarsa. Hannunsa na hagu yana kan cinya kamar wani ne ya manta shi a wurin. Duk da haka da hannu ɗaya ya kai motar wani ɗan fili gaban rumfar masara, ya taka birki a hankali ya tsaya tsaf, ko cokali bai motsa ba a baya.

"Ba komai," ya ce. Maganar ta fito a cakuɗe, kamar bakinsa cike da shinkafa mai zafi.

'Yarmu Fazilah nas ce a Pulau Pinang, Mak take ce min, shi kuma Abah. Sai da na fita na ɗaga wayar sama ina zagaye kafin kiran ya shiga, sannan na dawo na tsaya a bakin ƙofarsa.

"Mak, juya wayar in gan shi. Abah, yi min murmushi. To, ɗaga hannu biyu."

Ɗaya ne ya tashi. Na ji ta ja numfashi, sai muryarta ta koma irin ta wurin aiki, wadda ban taɓa so ba.

"Mak, shanyewar ɓarin jiki ce. Yaushe ya fara?"

"Yanzun nan."

"Duba agogo ki riƙe lokacin."

Sha ɗaya ta ɗan gota.

"Ki saurare ni da kyau. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma tana da wa'adi. In uku da rabi ta wuce ba za su yi masa ba, don a lokacin ta fi cutar haɗari. Ki juya ki koma gada. Zan nemi motar asibiti ta jira ku a ɓangaren Thailand ta kai shi Chiang Rai. Kada ki ba shi ruwa, kada ki ba shi komai."

"In an yi allurar zai warke?"

"Zai iya samun hannunsa da ƙafarsa. In ba a yi ba, ban sani ba."

"Wa zai tuƙa?"

"Ke mana, Mak."

Na duba rumfar. Wata tsohuwa ce kaɗai a ciki tana fifita garwashi, ko babur babu a wurin. Ina da lasisi, ina kai 'yar ƙaramar motata kasuwa da gidan ƙanwata. Amma Gajah ko kunna ta ban taɓa yi ba. Makullinta a aljihunsa yake kwana.

Na shiga ta baya na sa hannu a hammatarsa.

"Ba ki iya ba," ya ce.

"Na sani. Matsa."

"Bari in huta kaɗan."

"Abang, ko ka matsa ko in ja ka kamar buhun shinkafa."

Jan nasa na yi. Ƙafar hagu ba ta taimake mu da komai ba, sai da na ɗaga ta da hannu na tsallakar. Na ɗaure shi a kujerata, na cusa filo tsakaninsa da ƙofa, na zauna a tasa. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ƙafata ba ta kai birki ba sai da na jawo ta gaba har ƙirjina na taɓa sitiyari. Abu ɗaya ya taimake ni, giyar Gajah mai canza kanta ce. Darus kan ce irin ta ragwaye ce, amma ita ya samu a kasuwa.

Juyawa kawai ta so ta gagare ni. Gaba kaɗan, baya kaɗan, tsohuwar nan ta bar masararta tana bubbuga jikin motar duk lokacin da tayar baya ta kusa ramin. Da na miƙe hanya sai na ji Darus yana dukan gaban motar da hannunsa mai lafiya.

"Dama. Dama."

A hagu nake tafiya, kamar zan je kasuwar Jitra. Na murza sitiyari na koma. Abin da ke cikin kabad duka ya amsa, tukwane da kwalabe, wani abu ya faɗo ya fashe, ƙamshin miyar kifi ya cika motar.

Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar haihuwar Fazilah. Motar faɗi gare ta, doguwa kuma, in ta shiga kwana sai in ji rufinta yana so ya riga mu kwanciya. Kwata na dab da gwiwar hannuna. Ina tafe ina karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar cin abinci sai da na yi.

"Birki kafin kwana," in ji shi. "Ba a ciki ba."

"To."

"Ki daina shaƙe sitiyarin. Bai ci miki komai ba."

Na ji daɗin faɗan. Muddin yana faɗa, yana nan.

Ba mu daɗe ba muka tarar da motar farko, mai ɗauke da itatuwa, tana rarrafe. Na lafe a bayanta, ba na ganin komai sai guntayen katako da jan ƙyalle na lilo. Sai yanzu na gane abin da ke sa shi leƙe. Mutum ya fita da mota zuwa inda bai gani ba, a kan maganar wani, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma na lura da wani abin da ban lura da shi ba lokacin da nake waccan kujerar: in na fita, ɓangaren hagu ne ke fara shiga hanyar masu tahowa. Shi nake fara miƙa musu.

"Abang, akwai?"

Ya ɗaga kai da ƙyar ya jingina da gilas.

"Jira. Babur. Jira." Babur ya wuce. "Fita. Taka sosai."

Na fita na taka. Gajah ta yi gurnani ta ɗauki lokacinta, katakon nan na bi ta gefena ba iyaka, sannan sai ga titi fes a gabana. Na koma hannuna ina haki.

"Ba laifi," ya ce.

A bakin Darus wannan lambar yabo ce. Mun wuce wasu biyu haka. Na fara tunanin za mu kai.

Sai muka zo wani dogon hawa, muka tarar da tirela mai lulluɓe da koren tanti, tana tafiyar da mai ƙafa zai iya raka ta yana hira da direba. Baƙin hayaƙinta na shigowa ta ko'ina. Hanyar ta matse, ba wurin raɓewa. Na dubi agogon motar, sha biyu da rabi ta wuce, kuma ban san ko mun ci rabin hanya ba.

"Akwai?"

Na ɗaga murya.

"Abang, akwai?"

Kansa ya rinjaya kan filon. Idanunsa a buɗe, amma suna kallon wajena.

"Can ɗin ya yi duhu," ya ce. "Ba na ganin hagu."

Na gwada miƙa wuya in leƙa da kaina, motar ta karkata, na dawo. Daga inda nake, kafin in ga hanya sai rabin Gajah ya riga ya fita. Na danna oda har hannuna ya gaji. Tirelar ba ta da inda za ta matsa min ko da ta so. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, muna bin ta kamar masu rakiyar gawa, agogo na ta tafiyarsa.

Sai fitilar siginarta ta hagu ta fara ƙiftawa.

Darus ya gan ta, don tana gabansa sosai. Ya ɗan miƙe zaune.

"Ya ba ki hanya. Fita."

"Ka tabbata?"

"Hagu ya kunna. Fita."

Wannan yaren direbobi ne, ko ni matar direba na san shi. Tun daga Johor har arewacin Thailand, in babbar mota ta kunna maka siginar hagu, cewa take na raɓe, gaba ba kowa, wuce. In ta kunna dama, ka zauna inda kake. Darus ya yi wa ƙananan motoci wannan alheri dare da dare har ya tsufa. Ban yi wani tunani ba. Na murza sitiyari na taka.

Abin da na gani shi ne gaban wata farar babbar mota, ya cika gilashin gaba ɗaya, fitilunta a kunne da rana tsaka, odarta na tsaga kunne. Ban san yadda na yi ba. Na dai taka birki na fizgo sitiyarin dama. Wani abu ya buga a gefen Darus da ƙara kamar an harba bindiga, gilashin tagarsa ya tarwatse ya zubo masa, farar motar ta wuce tana jijjiga mu da iskarta. Gajah ta yi tangal-tangal, tayar dama ta leƙa kwata ta dawo. Muka sake samun kanmu a bayan koren tantin nan, kamar ba abin da ya faru.

Madubin hagu ya tafi, sai guntun ƙarfe da wayoyi na reto. Ba wurin tsayawa, don haka ban tsaya ba. Na saci kallonsa. Ɓarɓashin gilas a gashinsa da cinyarsa, jini na bin goshinsa, shi kuwa ko share shi bai yi ba.

"Ka ji ciwo?"

"Ɗan iska ne," ya ce. "Ya ba da hanya ba hanya."

Na kafa wa bayan tirelar ido. Siginar ta mutu. Haushin direban ya cika ni, ina tsine masa a zuci, sai kuma na dakata na yi tunani. A garinmu hagu ita ce bakin hanya, shi ya sa kunna ta ke nufin na raɓe. A nan hagu ita ce hanyar masu tahowa. Mutumin nan ba hanya ya ba ni ba. Ya ji odata, ya hango abin da ke zuwa, ya tare ni da fitila.

"Abang, a nan a juye yake. Hagu na nufin kada a fita."

"Hagu hanya ce."

"A gida. Nan ba gida ba ne."

"Ke za ki koya min?"

Waya na ta ruri a kan gaban mota, sunan Fazilah na haskawa, ba hannun ɗauka. Iska na shigowa ta fasasshiyar tagar da hayaƙi da ƙura. Muka gama wani kwana, na ji hanyar ta ɗan miƙe, ko da yake ban gani ba.

Siginar dama ta fara ƙiftawa.

"Tsaya," in ji Darus. "Kada ki fita."

"Yanzu ne ya ba ni."

"Dama ya kunna. Akwai mota."

Hannunsa mai lafiya shi ne na wajena. Ya miƙo shi ya damƙe tsintsiyar hannuna a kan sitiyari. Hannu ne da ya yi shekaru yana juya bas, ciwon bai rage masa komai ba. Na ji ƙashina na shirin amsawa.

"Sake ni, Abang."

"Za ki kashe mu."

"Sake ni."

Fitilar na ta ƙiftawa. Na san ba za ta dawwama ba, kwana na gaba na zuwa, bayansa kuma Allah kaɗai ya san tsawon hawan. Tun da muka yi aure na yi masa gardama a kan komai, gishirin miya, sunan 'ya, launin labule, amma ban taɓa yi masa gardama a kan titi ba. Kuma ban tabbata ba. Lissafi ne kawai na yi da kan tsohuwa mai rawar jiki. In na yi kuskure shi za a fara murƙushewa, yana riƙe da hannuna yana ce min kada.

Na sunkuya na cije shi a bayan hannu. Ba cizon wasa ba. Ya saki, na fita.

Ba kowa. Titi miƙe har gindin wani dutse, rana na kwance a kansa. Na taka totur har ƙasa ina kuka, koren tantin na bi ta gefena, sai ga kan motar, sai ga direban can sama, wani mai tawul a wuya, ya fito da hannu yana kaɗa min in yi sauri. Ban iya ko ɗaga masa yatsa ba.

Darus bai sake magana ba. Ya ajiye hannun a cinya, shatin haƙorana a jiki, yana kallon gaba. Na yi ta janyo shi da hira don in ji muryarsa.

"Abang, kana ji na?"

"Uhm."

"Ka yi faɗa mana. Ka ce na shaƙe sitiyari."

Bai ce ba. Wannan shirun ya fi farar motar tsorata ni.

Sauran hanyar da fitilun mutane na yi ta. Wanda ya kunna dama na fita na wuce da bismillah, wanda ya kunna hagu na lafe. Wasu ba sa kunna komai, waɗannan na bi su ina zagi da yarenmu na Malayanci har Allah ya kawo wurin da titi ya buɗe. A gangara birki ya fara wari kamar an ƙona roba, na rasa yadda ake sa ƙaramar giya, na tambaye shi, ya nuna min da haɓa. Da na hango ruwan Mekong yana ƙyalli tsakanin bishiyoyi sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi, kamar mun isa. Ƙarfe biyu ta kusa.

A iyaka na faka Gajah a karkace na fito ina ɗaga fasfo biyu. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, amma fuskar Darus ta yi bayani. Wani jami'i ya leƙa ya gan shi, ya kira 'yan'uwansa, aka ɗauko shi a kujera, aka buga hatimi a tsaye. Takardun fitar da mota kuwa aikin sa'o'i ne, don haka na bar ta nan, ƙofa a buɗe, shinkafa a tukunya. A bayan wata a-kori-kura aka tsallaka da mu gada, kansa a cinyata. Da muka juya ya daina hango rufin Gajah sai ya rufe ido.

Motar asibitin na jira kamar yadda Fazilah ta ce. Ta kwashe mu da jiniya, a hannun hagu, hannun mutane. Na zauna a ɗan benci ina tsince masa gilas daga gashi, ido ɗaya a kan agogon hannun ma'aikacin. Yatsuna sun ƙi miƙewa, sun tsaya a lanƙwashe yadda suka riƙe sitiyari.

Uku ta ɗan gota muka shiga asibitin Chiang Rai. Suka gudu da shi ɗaukar hoton kai, suka dawo da shi da gudu. Likitar wata 'yar siririya ce da ba ta kai Fazilah shekaru ba. Na riƙe wayar a tsakaninmu, suna Turanci, Fazilah na juya min.

"Mak, ta ce babu zubar jini a kan. Za a iya yi. Kin kawo shi, Mak. Kin kawo shi a kan lokaci."

Nas ta riga ta shigo da faranti, kwalba da sirinji a kai. Na jingina da bango. Ban taɓa jin alfahari da kaina irin na wannan lokacin ba, har na fara shirya yadda zan ba maƙwabta labari.

Likitar ta sake tambaya. Fazilah ta ce tana son ta tabbatar da lokacin da abin ya fara.

"Sha ɗaya ta ɗan gota," na ce. "A gabana aka yi."

Likitar ta gyaɗa min kai, amma sai ta durƙusa daidai fuskar Darus, ta ɓangaren dama, ta yi masa tambayar shi da kansa.

"Abah," in ji Fazilah, "tana tambaya, kafin sha ɗaya ba ka ji komai ba? Ko ɗan nauyi, ko mutuwar yatsa? Ka faɗi yadda yake. In lokacin ba daidai ba ne, allurar na iya fasa jijiya a kanka."

Ya dubi rufin ɗakin. Na matso zan amsa masa, don na ɗauka maganar ce ta ƙi fita.

"Asuba," ya ce.

"Me, Abah?"

"Da asuba. Na zo kabbara, hannun bai kai kunne ba. Yatsun tun lokacin ba su dawo ba."

A cikin Gajah wurin sallar mutum ɗaya ne. Shi yake fara yi, ni ina waje ina alwala, shi ya sa ban gani ba.

Na ji Fazilah tana juya maganar da Turanci, muryarta na karyewa a tsakiya. Likitar ta saurara, ta sake tambaya ɗaya, ya sake amsawa. Ta miƙe tsaye ta ce wa nas wani abu a hankali. Nas ta ɗauki farantin ta fita da shi. Na bi shi da kallo har ƙofar ta rufe.

"Abang," na ce. "Tun asuba?"

Bai dube ni ba.

"Ka sha shayi. Ka ce min gishirin ƙwai ya yi yawa. Ka zauna ka tuƙa ni cikin duwatsu da hannu ɗaya. Da ka faɗa da asuba, da kafin hantsi muna nan."

"Saura wuni ɗaya mu kai Sin, Kiah," ya ce. Kalmomin na fita ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar. "Da na faɗa, cewa za ki yi mu koma."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. A gaban likita, a gaban 'yarmu da ke saurare, zan mari mijina, abin da ban taɓa ko mafarki ba. Hannun ya kai sama sannan na ga inda zai sauka, kumatun hagu, wanda ya zube. Ko na mare shi ba zai ji ba.

Na tsaya haka, hannu a sama, shi yana jira. Sannan na kama bakin mayafina na share masa yawun da ke bin haɓarsa.